Zuwa buga kurket a tsibirin Korfu da ƙaramin kulob: tambayoyi da amsoshi

Cikin mutanenmu da karatu ko aiki ya kai Ingila, akwai waɗanda suka shiga ƙananan kulob-kulob na kurket (wasan nan da ɗaya ke jefo ƙwallo, ɗaya ya buge ta da sanda) a garuruwan da suke zaune, irin waɗanda ba a biyan kowa ko kwabo, hasali ma ɗan wasa ne ke biyan kuɗin rajista daga aljihunsa. Yawancin irin waɗannan kulob suna da al'adar fita rangadi, kuma tsibirin Korfu na ƙasar Girka yana cikin wuraren da ake yawan nufa. Da zarar an fara maganar tafiya, sai ka ji tambayoyi iri ɗaya daga bakin sababbin shiga. Su ne aka tattara a nan.

Wace irin tafiya ce wannan, kuma su waye ke zuwa?

Tafiya ce ta kwana huɗu zuwa mako guda, a buga wasa biyu ko uku da kulob-kulob ɗin can, sauran lokacin kuma a huta. Babu kofi, babu kuɗin kyauta. Masu zuwa su ne dai waɗanda ka saba gani ranar Asabar ko Lahadi a filinku: malamin makaranta, direba, likita, ɗalibi, da dattijon da ya yi ritaya amma ya ƙi ajiye sanda. Wasu sukan taho da iyalansu.

Wanda ya ɗauki abin tamkar gasar ƙasa da ƙasa zai sha haushi, domin a rangadi kyaftin yakan ba kowa dama ya yi bugu ya yi jifa, ko da hakan zai jawo a sha kashi. Baƙunci aka je yi, ana kuma so a sake gayyatar kulob ɗin baɗi.

Me ya haɗa Girkawa da kurket?

Mulkin Ingila ne. Daga 1815 zuwa 1864 Korfu da sauran tsibiran tekun Ayoniya suna ƙarƙashin kulawar Birtaniya. Wasan farko da aka adana labarinsa an yi shi ne ranar 23 ga Afrilu 1823, tsakanin hafsoshin sojan ruwa da na rundunar da ke tsaron garin, a babban dandalin da ake kira Spianada. Da Turawan Ingila suka kwashe kayansu a 1864 tsibirin ya koma hannun Girka, sai mutanen gari suka riƙe wasan abinsu. Ƙungiyar Gymnastikos, wadda aka kafa a 1893, tana cikin tsofaffin masu buga shi, akwai kuma wata mai suna Byron.

Shi ya sa har yau hukumar kurket ta ƙasar Girka a Korfu take da mazauni, ba a Atens babban birni ba. Ga Bahaushe labarin ba baƙo ba ne sosai: hanyar da ta kai wasan Korfu ita ta kai shi Kwalejin Katsina, inda ɗalibai irin su Sardauna Ahmadu Bello suka buga shi. Bambancin shi ne a can ya sauko cikin gari ya zauna, a wurinmu kuwa ya fi tsayawa a makarantu.

A wane fili za mu buga? Da gaske ana wasa a tsakiyar gari?

Da gaske ne. Spianada na tsakanin tsohon gari da tsohuwar ganuwar da mutanen birnin Benis na Italiya suka gina a bakin teku. A gefe guda akwai doguwar baranda mai bakuna da ake kira Liston, wadda aka gina zamanin Faransawa, cike da teburan masu shan gahawa. A arewa kuma ga fadar da Ingilishi suka gina wa gwamnansu. Motoci a jere suke a bakin filin, masu yawon buɗe ido na ratsawa da jakunkuna ba tare da sun san ana wasa ba, alƙalin wasa ya ɗaga hannu a dakata su wuce. Idan aka ɗaga ƙwallo sama wajen Liston, sai ka ga masu kai abinci sun ɗan tsaya da faranti a hannu suna kallon inda za ta sauka. Ƙwallon kuwa ta fata ce mai tauri, nauyinta wajen giram 160, ba abin wasa ba ce a kan gilashin mota.

Sai dai kada ka sa rai duk wasanninku a nan za a yi. Yawancin wasanni yanzu a filin da ke tashar ƙananan jiragen ruwa ta Gouvia ake yin su, arewa da gari kaɗan. Ya fi faɗi, ya fi natsuwa. Kulob ɗin da ke son lallai ya taka Spianada sai ya faɗa tun farkon magana (duba tambayar da ke kan haɗa wasanni).

Abin da ya fi shafar wasan kansa shi ne zirin tsakiya, wato yadi 22 ɗin da ake jifa a kai. A Ingila ciyawa ce da aka daddaɓe, a Korfu kuwa shimfiɗa ce ta roba a kan daɓe mai tauri. Ƙwallo ta fi tashi, ta fi zuwa daidai, ba ta yi wa mai bugu bazata kamar yadda take yi a ciyawa mai laima. Mai jifan da ya saba laimar Ingila ta taimake shi zai ga ana tarwatsa masa ƙwallo.

Bara na fara riƙe sanda. Ba zan zama kaya ba?

Ba za ka zama ba. A rangadi mutumin da ya zo a kan lokaci, ya tsaya a rana ya tare ƙwallo ba gunaguni, ya fi gwanin da sai an buga masa ƙofa kafin ya tashi. Ko ba a sa ka cikin sha ɗayan farko ba, akwai rubuta maki, akwai kai ruwa, kuma kafin wasa na biyu wani zai yi targaɗe ko cinyarsa ta riƙe. Abu ɗaya kawai: kada ka raina 'yan gida. Yaran Korfu da yawa tun suna firamare suke wasan, sun kuma san halin shimfiɗarsu.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Mayu, ko Satumba zuwa farkon Oktoba. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 30, masauki ya yi tsada, tsibirin ya cika maƙil. Wanda ya tashi a Sakkwato zai yi dariyar wannan zafin, amma abokan wasansa ba za su yi ba, kuma shi ma tsayuwar awa uku a fili ba inuwa daban take da zama a gindin bishiya. Ƙarshen Satumba ya fi wa kulob-kulob sauƙi domin kakar wasa a Ingila daga Afrilu take zuwa Satumba, ba wanda zai bar wasan gasar Asabar ya tafi yawo.

Jiragen da ke tashi kai tsaye daga Birtaniya na bin kaka ne, daga bazara zuwa wajen ƙarshen Oktoba, tafiyar awa uku da 'yan mintoci. Da hunturu sai an bi ta Atens. A guji makon Ista na Kiristocin Otodoks, wanda sau da yawa ba ya dacewa da na Ingila: bikin Korfu ya shahara a duk Girka, ranar Asabar ɗinsa ake jefo tulunan ƙasa daga baranda suna fashewa a titi, ɗaki kuwa ba ya samuwa. Mu kuma sai mu duba kalandarmu, domin a 2026 da 2027 Babbar Salla a cikin Mayu take.

Mutum nawa ake buƙata?

Sha ɗaya ke wasa, amma kulob ɗin da ya tashi da sha ɗaya cif ya ɗauko wa kansa wahala. Sha huɗu ko sha biyar ya fi. Cikinsu a tabbatar akwai mutum biyu da za su iya tsaron bayan turaku (itatuwa ukun da ake kafawa a bayan mai bugu), da aƙalla shida da za su iya jifa, domin a wasan oba ashirin ba a barin mutum ɗaya ya wuce oba huɗu, kowace oba kuwa jifa shida ce.

A watan Janairu mutum ashirin ne za su ce "ina ciki". Kada mai shirya tafiya ya ƙidaya baki, ya ƙidaya waɗanda suka ba da kafin alƙalami. Bayani na gaba a tambayar kuɗi.

Wa ke haɗa wasannin da 'yan can?

Hanya biyu ce. Ko sakataren kulob ya rubuta wa hukumar kurket ta Girka da kansa, su ba shi ranaku da filaye da abokan karawa, ko a bi ta kamfanonin da sana'arsu ke nan, su haɗa jirgi da masauki da wasanni a dunƙule su ɗora ladansu. Ta farko ta fi arha, ta biyu ta fi kwanciyar hankali ga kulob ɗin da bai taɓa fita ba.

Kowace aka bi, a nemi waɗannan a rubuce: ranar wasa da lokacin farawa, sunan fili, yawan oba, wa zai kawo ƙwallo da alƙalai, nawa ne kuɗin fili, kuma ko za a ci abinci tare bayan an tashi. A faɗi gaskiyar ƙarfin kulob. Wanda ya cika baki a wasiƙa sai a haɗa shi da matasan da ke buga wa ƙasa, a gama da shi kafin azahar. A fara wannan magana wata takwas ko tara kafin tafiya, filayen ba su da yawa kuma ba ku kaɗai ke nema ba.

Nawa tafiyar za ta ci, kuma yaya ake tara kuɗin?

Farashi na sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka abin da ya fi amfani shi ne sanin inda kuɗin ke tafiya. Tikitin jirgi da kuɗin jaka, masauki, motar da za ta kai ku fili, kuɗin fili da alƙalai, rigunan rangadi, kyautar masu masauki, inshora, sai abinci. Mai fasfon da ke buƙatar biza yana da ƙarin nasa. Abubuwan da aka fi mantawa a lissafin farko su ne kuɗin jakar kayan wasa da harajin kwana da otal-otal ɗin Girka ke karɓa a hannu. Kuɗin ƙasar yuro ne.

Tarin kuwa kamar adashe yake: idan uwar adashe ta cika kunya, zubi ya lalace. A naɗa ma'aji guda, wanda ba ya jin nauyin tuna wa mutum bashi. A karɓi kafin alƙalami da ba a mayarwa, a raba sauran kashi biyu ko uku da ranakun biya, a kuma rubuta tun farko abin da zai faru da kuɗin wanda ya janye. Yawancin rigimar rangadi daga nan take tasowa, mutum ya fasa saura mako uku, ɗakinsa an riga an biya, sannan ya zo yana neman a mayar masa. Kuɗin su shiga asusun kulob, ba na wani mutum ba, kowa kuma ya iya ganin lissafin.

A ganina tikitin jirgi gara kowa ya sayi nasa, bayan an tsayar da jirgi ɗaya. Wanda ya kashe kuɗinsa da hannunsa ba ya saurin fasawa. Ɗalibai da marasa ƙarfi kuma, a yi musu karo-karo a asirce.

Fasfon Najeriya ko na Nijar gare ni, amma ina da izinin zama a Birtaniya. Sai na nemi biza?

Sai ka nema. Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, domin abokan wasanka masu fasfon Birtaniya ba sa buƙatarta, ba kuwa zai faɗo musu a rai su tuna maka ba. Izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da kai Girka. Girka na cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizar gajeren zama ta Shengen za ka nema, ta hannun ofishin jakadancin Girka tunda can za ka.

Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun daga Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Dole fasfo ya kasance an ba da shi cikin shekara goma da suka wuce, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro yankin. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, shaidar masauki da tikiti, bayanan asusun banki, takarda daga wurin aiki ko makaranta, da shaidar cewa izinin zamanka bai kusa ƙarewa ba. Wasiƙa daga sakataren kulob mai ɗauke da ranakun wasanni tana ƙara wa takardu nauyi.

A ƙa'ida amsa na fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Babbar wahalar ma samun ranar ganawa ce, musamman gab da bazara. An yarda a nema tun saura wata shida, to ka nema tun saura wata shidan. Ma'ana kai ne ya kamata ka fi kowa matsa wa kulob ya tsayar da rana da otal da wuri, kada ka zauna kana jiran su gama shawara. Idan abin ya gagara, duba tambayar ƙarshe.

Wane kaya zan ɗauka?

Sandar kurket ba ta shiga cikin jirgi a hannu, sai a jakar da ake aunawa, wadda kamfanoni ke ƙayyade wa kilo 20 zuwa 23. Ba lallai kowa ya kinkimo jakarsa ba. A haɗa jaka uku ko huɗu na kulob: sanduna, kariyar ƙwauri, safar hannu, hulunan kwano, kayan mai tsaron baya, littafin maki da sababbin ƙwallaye. Kariyar gaba dai kowa ya zo da tasa, ba a aronta.

Takalmi mai ƙusoshin ƙarfe ka bar shi a gida, yana yaga shimfiɗar roba, ba za a bar ka ka hau da shi ba. Mai ƙasan roba ake so. Sai fararen kaya biyu, hula mai faɗin baki, gorar ruwa, da abin haɗa caja, domin bakin soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu. Kada a manta da tsaraba ga masu masauki: tutar kulob, ko hula, ko ɗan allo mai tambari, kyaftin ya miƙa wa kyaftin bayan wasa.

Idan na ji rauni fa?

Yatsa ne ya fi karyewa, sai targaɗe da tsagewar nama. Mazaunin Birtaniya zai iya neman katin GHIC kyauta, wanda ke ba shi damar jinya a asibitin gwamnati a Girka kamar ɗan ƙasa. Katin ba ya biyan asibitin kuɗi ko ɗaukar majinyaci zuwa gida, kuma ba ya maye gurbin inshorar da biza ke nema. Ka karanta takardar inshorarka ka ga ko ta ambaci kurket. Sakatare shi ma ya tambayi kamfanin inshorar kulob ko alhakinsu ya tsallaka ƙetare, ka tuna da motocin bakin Spianada. Lambar gaggawa 112 ce. Waɗanda ba su kai shekara 18 ba, a Ingila ba sa bugu sai da hular kwano, a kiyaye haka a can ma.

Na ji an ce rangadi shaye-shaye ne kawai. Ni da ba na sha, yaya zan yi?

Ba za a ɓoye maka ba, giya na da babban gurbi a al'adar rangadin Turawa. Akwai kuma zaman da ake yi da yamma ana cin mutane tara don raha: wanda ya saki ƙwallo, wanda ya makara, wanda aka fitar bai ci ko maki ɗaya ba. A wasu kulob hukuncin kurɓa ne.

Ka faɗa wa kyaftin tun a Ingila, sau ɗaya, ba doguwar hujja. Kurket ɗin Ingila cike yake da Musulmi 'yan asalin Pakistan da Bangaladash, ba kai ne farau ba. Tararka ka biya da tsabar kuɗi ko ka ɗauki jakar kulob. Kada kuma ka yarda a haɗa kuɗin abin sha cikin asusun kowa da kowa, a raba shi daban tun a lissafi. Korfu na da abin shanta na gargajiya, tsitsibira, jiƙon citta da lemon tsami da sukari mai ɗan gas, wanda shi ma gadon zamanin Ingilishi ne. Abin da za ka kiyaye shi ne kwalaben ruwan ɗorawa na ƙaramin lemon nan kumkwat da ake sayarwa ko'ina, yawancinsu barasa ce.

Abinci fa?

Naman da ake tsirewa a tsinke ko a naɗe cikin gurasa a Girka galibi na alade ne, sai ka tambaya. Shahararrun girke-girken tsibirin biyu, sofrito na naman maraƙi da pastitsada na zakara ko sa, sau da yawa da giya ake dafa su, ga kuma batun yanka. Mafita kifi ne, yana kuma da yawa: bourdeto, kifi cikin jan miya mai yaji wanda zai yi wa harshenmu daɗi, da bianco mai tafarnuwa da lemon tsami da dankali. Ga wake, ga ganye, ga cuku da zaitun. Jefa ƙullin yaji a jaka ba laifi ba ne.

Salla fa? Akwai masallaci?

Kada ka dogara da samun sa. Turkawa sun yi wa Korfu ƙawanya a 1537 da 1571 da 1716 ba su ci ta ba, don haka babu tsofaffin masallatan da ake gani a wasu sassan Girka. Ka tafi da dardumarka, alƙibla kudu maso gabas take. Hutun da ake yi tsakanin bugun ɓangare ɗaya da na ɗayan ya ishe ka azahar a gefen fili. Batun ƙasaru kuma, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya zama mazauni, sai ka lissafa kwanakinku ka tambayi malaminka kafin ka tashi.

Yaya za mu riƙa zuwa fili?

Filin jirgin sama na dab da gari, 'yan mintoci ne a mota. Shuɗayen bas-bas na zagaya gari da kewayensa har Gouvia, koraye kuma su ke zuwa ƙauyuka masu nisa. Mutum sha biyar da jakunkuna dai gara su ɗauki hayar ƙaramar bas a ranakun wasa. A hannun dama ake tuƙi kamar a Najeriya da Nijar, saboda haka wataƙila kai za a miƙa wa makulli. Babur mai ƙafa huɗu da ake ba baƙi haya, ka rabu da shi. Hanyoyin tsaunuka ne masu lanƙwasa, inshora da yawa kuma ba ta biyan haɗarinsa.

Idan ruwa ya hana wasa?

Yakan faru, musamman a Oktoba, domin Korfu na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Girka, shi ya sa take kore shar. Shimfiɗar roba na saurin bushewa, sau da yawa jinkiri ne kawai da rage oba. A bar rana ɗaya babu wasa a tsakiyar jadawali don irin wannan, a kuma tambayi masu fili tun farko ko ana mayar da kuɗi.

In Korfu ba ta yiwu ba, akwai wani tsibirin?

Akwai Malta, inda ake buga kurket a filin Marsa. Ingilishi na cikin harsunan hukuma a can, akwai kuma babban masallaci a garin Paola, amma ita ma Shengen ce, batun biza bai sauya ba. Jazi da Ganzi, tsibirai biyu da ke kusa da gaɓar Faransa, ba sa cikin Shengen, suna cikin yankin zirga-zirga ɗaya da Birtaniya, sai dai mai baƙon fasfo ya duba sharuɗɗan izininsa kafin ya sayi tikiti. Kurket ɗinsu na da ƙarfi.

Kulob ɗin da ke da mutum uku ko huɗu masu matsalar takardu zai iya nufar tsibirin Wait da ke kudancin Ingila. Yanki ne na Ingila, ba a tambayar fasfo, jirgin ruwa ake shiga daga Fotsmos ko Sawthamton da motoci da jakunkuna gaba ɗaya, ana kuma iya tafiya ranar Juma'a da yamma a dawo daren Lahadi.